Darasi: Asalin Aikatau "Get" da Ma'anoninsa a Harshen Ingilishi

Daga cikin kalmomin aikatau na harshen Ingilishi, wato kalmomin da ke nuna aiki ko aukuwar wani abu ko halin da abu yake ciki, da wuya a sami wadda ta kai "get" wahalar da mutumin da ya zo koyon harshen da girmansa, duk da cewa haruffanta uku ne kacal, kuma tana cikin kalmomin farko da kunne ke tsinta a bakin masu magana. Tushen wahalar shi ne ɗalibi yakan haddace ta da ma'ana guda, wato "samu", sannan ya tarar ana sanya ta a wuraren da Bahaushe zai ce "isa", ko "zama", ko "gane", ko "sa", ko "kamu da", har ma da "tashi daga barci". A shekarar 1999 Douglas Biber da abokan aikinsa sun fitar da wani babban littafin nahawu a ƙarƙashin kamfanin Longman, wanda suka gina a kan ƙididdigar miliyoyin kalmomi na magana da na rubutu, kuma ƙididdigar ta nuna cewa idan aka ware "be" da "have" da "do", waɗanda galibi ke yi wa wasu aikatau hidima, babu aikatau da ya fi "get" yawan fitowa a hirar baka, alhali a rubuce-rubucen ilimi ba kasafai ake ganinsa ba. Saboda haka duk wanda yake so ya fahimci abin da ake faɗa a asibiti ko tashar mota ko rediyo ba shi da mafita sai ya san wannan kalma ciki da bai. Abin da darasin nan zai nuna shi ne ma'anonin nata, duk da yawansu, daga tushe ɗaya suka tsiro, kuma abin da ke biye da ita a jimla shi ke bayyana wacce ma'ana ake nufi.

Saiwar kalmar

Ingilishi yana cikin rukunin harsunan da masana ke dangantawa da Jamus, rukunin da ya haɗa Jamusanci da harshen Holan da harsunan ƙasashen Sikandinabiya, wato Denmak da Nowe da Suwidin da Aisilan. Shi kuma wannan rukuni reshe ne na wani babban dangi da ake kira Indo-Turai, wanda Latin da Girkanci da Farisanci da Sanskirit na Indiya suke cikinsa. Wani alƙali Bature mai suna William Jones, a jawabin da ya gabatar a Kalkata a 1786, yana cikin waɗanda suka fara jawo hankalin masana a kan cewa kamannin da ke tsakanin waɗannan harsuna ya wuce a ce dace ne, sai dai a ce kakansu ɗaya. Wannan harshe kaka bai bar rubutu ba, don haka masana sukan gano siffar kalmominsa ta hanyar kwatanta kalmomin jikokinsa, kuma da wannan dabara suka kai ga wata saiwa, wato guntun kalma mai ɗauke da ainihin ma'ana, wadda suke rubutawa "ghed" ko "ghend", ma'anarta kuwa ita ce kamawa ko damƙa abu a hannu.

Kwatancin ba na son rai ba ne, yana da ƙa'ida, domin Jacob Grimm, masani Bajamushe, ya bayyana a 1822 cewa baƙaƙen harshe kaka sun sauya a rukunin Jamus bisa tsari mai maimaituwa. Inda Latin ke da "d", Ingilishi yakan zo da "t", kamar yadda ake gani a "duo" da "two", wato biyu, ko "decem" da "ten", wato goma. Haka nan tsohon sautin "gh" ya koma "h" a farkon kalmomin Latin, ya kuma koma "g" a rukunin Jamus, shi ya sa "haedus" na Latin, wato ɗan akuya, yake ɗan'uwan "goat" na Ingilishi. Idan aka bi waɗannan ƙa'idoji biyu, za a ga cewa "get" da gaɓar "hend" da ke cikin kalmar Latin "prehendere", wadda ke nufin kamawa, abu ɗaya ne. Daga "prehendere" Faransanci ya sami "prendre", wato ɗauka, kuma ta hannun Latin da Faransanci Ingilishi ya karɓi "prison", wurin da ake tsare wanda aka kama, da "surprise", abin da ya kama mutum ba shiri, da "apprentice", almajirin sana'a mai kama abin da ake koya masa, da "comprehend", wato fahimta. Duk waɗannan dangin "get" ne na nesa, ko da yake mai kallon haruffansu ba zai zaci haka ba.

A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa ƙarshen ƙarni na 11, wannan aikatau yana nan, amma kusan kullum da ɗafa-goshi, wato ɗan guntun da ake liƙawa a farkon kalma don a sauya ma'anarta. Akwai "begietan", samu ko mallaka, wanda ya zama "beget", haihuwa ta ɓangaren uba. Akwai "forgietan", wanda ya zama "forget", mantuwa, kuma tun da ɗafa-goshin "for" a nan yana nuna rabuwa da abu, ainihin ma'anarsa ita ce abu ya kuɓuce daga riƙon hankali. Akwai kuma "ongietan", ganewa, wanda ya ɓace daga harshen baki ɗaya. Jamusanci har yau yana cewa "vergessen" a kan mantuwa, harshen Holan kuma "vergeten", kuma dukansu ginin ɗaya ne da "forget". Kalmar "get" tsurarta, ba tare da ɗafa-goshi ba, daga wani wuri dabam ta shigo.

Yadda ta shiga Ingila

A shekarar 793 wasu mahara daga Sikandinabiya, waɗanda tarihi ya sani da suna Viking, suka afka wa gidan ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfarne a gaɓar arewa maso gabashin Ingila, kuma daga nan hare-hare suka yi ta biyo baya har zuwa 865, lokacin da wata babbar runduna ta sauka da niyyar cin ƙasa, ta kuma kama birnin York a 866. Alfred, sarkin Wessex, ya karya rundunar Guthrum, jagoran maharan, a Edington a 878, daga baya aka yi yarjejeniyar da ta bar gabashi da arewacin ƙasar a hannun baƙin, yankin da aka riƙa kira Danelaw, wato inda dokar mutanen Denmak ke aiki. Baƙin suka zauna suka kama noma da fatauci, suka yi auratayya da 'yan ƙasa, har ta kai ga wani ɗan'uwansu daga Denmak, Cnut, ya ci sarautar Ingila duka daga 1016 zuwa 1035. Sunayen garuruwa irin su Derby da Grimsby da Whitby, waɗanda ke ƙarewa da "by", kalmarsu ta gona ko ƙauye, shaida ce ta wuraren da suka yi kaka-gida.

Harshen waɗannan baƙi, wanda ake kira Tsohon Nos, ɗan'uwan Tsohon Ingilishi ne na kusa, kuma kalmomi da yawa na harsunan biyu sun yi kama da juna ƙwarai, abin da ya sauƙaƙa wa kalmar wannan ta maye gurbin ta wancan. A al'ada harshe yakan ari sunayen sababbin abubuwa ne, kamar yadda Hausa ta ari "littafi" da "alƙalami" daga Larabci, ta kuma ari "mota" da "tebur" daga Ingilishi, amma ba ya aron aikatau na yau da kullum da wakilan suna sai cuɗanya ta kai cikin gida, inda uwa ke magana da harshe ɗaya uba kuma da wani. Irin wannan cuɗanya ce ta auku a Danelaw, domin daga Nos Ingilishi ya karɓi "they" da "them" da "their", ya karɓi "take", wanda ya kori tsohon aikatau "niman", ya kuma karɓi "want" da "egg" da "sky" da "window". A cikin wannan ayari "get" ta zo, daga aikatau "geta" na Nos, mai nufin samu da haifa da yin hasashe, wanda a harshen Aisilan na yau ya koma nufin iyawa. Daga cikin littattafan farko da kalmar ta bayyana a rubuce akwai Ormulum, tarin wa'azi da wani malamin coci mai suna Orm ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 12 a yankin da ke cikin tsohon Danelaw, kuma shi kansa sunan marubucin na Nos ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan asali tana cikin furucin harafin farko. A Tsohon Ingilishi, idan "g" ya zo kafin wasalin gaba irin "e" ko "i", sai ya koma "y", sauyin da masana furuci ke kira ganɗantawa, wato jan baƙi zuwa ganɗa saboda tasirin wasalin da ke binsa. Bahaushe ya san irin wannan sauyi a harshensa, inda "sata" ke komawa "sace", "kaza" ta koma "kaji", "ɓarawo" kuma ya koma "ɓarayi". Ta wannan hanya "gear" na Tsohon Ingilishi ya zama "year", shekara, "geolu" ya zama "yellow", rawaya, kuma da a ce "get" gadon Tsohon Ingilishi ce kai tsaye, da yau da "y" ake fara ta. Nos bai yi wannan sauyi ba, don haka "g" ɗinsa ya tsaya da ƙarfinsa. Geoffrey Chaucer, mawaƙin Landan da ya rasu a 1400, yana rubuta "foryete" da "yeve" a inda na yau ke cewa "forget" da "give", abin da ke nuna cewa a zamaninsa furucin arewacin Ingila bai gama mamaye kudu ba. Wannan tarihi yana warware wata matsala da ke damun masu koyon karatu, wato dalilin da ya sa ake furta "g" kamar "j" a "general" da "gentle", amma a furta shi kamar na "gero" a "get" da "give": na farkon daga Faransanci suka zo, na biyun kuwa daga Nos. Ya kamata kuma a kiyaye cewa wasalin "get" gajere ne, kada a gauraya ta da "gate", ƙofar shiga harabar gida, wadda Hausa ta ara take cewa "get".

Siffar shuɗaɗɗen lokaci ita ma ta sha sauyi. A da ana cewa "gat", siffar da ke cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 tare da "begat", daga baya "got" ta maye gurbinta. Siffa ta uku, wadda ake haɗawa da "have" don nuna kammalallen aiki, ta kasance "gotten", bisa tsarin "broken" da "spoken". Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 sun tafi da "gotten", ta kuma rayu a can, alhali a Ingila ta gajarce ta koma "got", sai dai ragowarta a "forgotten" da "ill-gotten", wato abin da aka samu ta haramtacciyar hanya. Makarantun Nijeriya da Gana tsarin Birtaniya suka gada, amma finafinai da intanet sun sa "gotten" ta yawaita a bakin matasa, kuma ba kuskure ba ce, illa dai marubuci ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kansa.

Daga samun abu zuwa samun hali

Ma'ana ta farko, wadda sauran suka fito daga gare ta, tana bayyana idan suna ya biyo bayan aikatau a matsayin karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. "Audu got a job" na nufin Audu ya sami aiki, "Binta got a letter" kuma Binta ta sami wasiƙa. A jimla ta farko akwai nema da ƙoƙari, a ta biyu kuwa abin zuwa ya yi da kansa, kuma "get" ba ta bambanta su, kamar yadda "samu" ba ta bambantawa a Hausa. Wannan rashin bambanci shi ne ya buɗe wa kalmar ƙofar yaɗuwa, domin duk abin da ya shigo hannun mutum, da saninsa ko ba da saninsa ba, da sonsa ko ba da sonsa ba, ana iya cewa ya yi "get" ɗinsa. Idan kuɗi aka biya, ma'anar ta koma saye, kamar a "She got the cloth in Kano", ta sayo yadin a Kano. Idan tafiya aka yi aka dawo da abin, ta koma ɗaukowa, kamar a "Get some water", ɗebo ruwa. Idan cuta ce, ta koma kamuwa, kamar a "The child got measles", kuma a nan harsunan biyu sun sha bamban, domin Ingilishi ya mai da yaron shi ne mai samu, alhali Bahaushe zai fi cewa ƙyanda ta kama yaron. Idan kuwa magana ce ta shiga kai, ma'anar ta koma fahimta, kamar a "He did not get the question", bai gane tambayar ba. Abin lura a nan shi ne hankalin ɗan'adam ya bi wannan hanya daga riƙon hannu zuwa riƙon ƙwaƙwalwa fiye da sau ɗaya, a "ongietan" da ta ɓace, da "comprehend" ta Latin, da "get" ta yau, kuma Hausa ma tana cewa yaro yana ɗaukar karatu.

Mataki na biyu shi ne inda abin da ake samu ya zama wuri. Tun a ƙarnonin farko na shigarta harshen aka fara amfani da ita da ma'anar isa, kamar a "They got to Zaria at night", sun isa Zariya da dare. Bambancinta da "go" yana da muhimmanci, domin "go" tana duban tashi da tafiyar, "get" kuwa tana duban ƙarshen tafiyar, sau da yawa ma tana ɗauke da alamar cewa sai da aka ɗan sha wuya. Harafin "to" yana faɗuwa kafin "home" da "here" da "there", saboda haka "get home" ake cewa, isa gida.

Mataki na uku shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan tsarin Hausa da na Ingilishi suka fi nisa da juna. Daga isa wuri aka koma isa wani hali, sai "get" ta fara karɓar sifa, wato kalmar da ke bayyana kamannin abu, da ma'anar zama ko komawa, amfanin da ya bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 16. "It is getting dark" na nufin gari yana yin duhu, "He got angry" ya yi fushi, "She is getting better" tana samun sauƙi. Hausa ba ta buƙatar irin wannan gini a mafi yawan lokuta, saboda tana da aikatau na musamman ga kowane sauyi, irin su "gaji" da "tsufa" da "warke" da "jiƙe", kuma idan aka sanya su a shuɗaɗɗen lokaci sukan nuna sauyin da halin da ya biyo baya a tare, ta yadda "ya gaji" ke nufin gajiya ta same shi kuma har yanzu a gajiye yake. Ingilishi ya raba waɗannan biyu, ya ba "get" sauyin, ya ba "be" halin. "He got tired" labarin lokacin da gajiyar ta sauka ne, "He is tired" kuwa bayanin yadda yake yanzu ne. Haka "They got married last year" ke nuna ɗaurin aurensu bara, "They are married" kuma ke nuna suna zaman aure. Ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci ya rabu da kaso mai yawa na kura-kuran da Hausawa ke yi a wannan fanni, kuma malami ya kamata ya ba shi lokaci fiye da kowane sashe na darasin.

Daga nan hanya gajera ce zuwa jimlar da ake kawar da mai aikin a gabatar da wanda aikin ya faɗa wa, irin wadda Hausa ke ginawa da "an" ko "aka". Tun daga ƙarni na 17 ake samun "get" a wannan matsayi, kamar a "The thief got caught", an kama ɓarawon, ko "She got promoted", an yi mata ƙarin girma. Ana iya sanya "was" a madadin "got" a waɗannan jimloli, amma "got" ta fi dacewa da abin da ya auku farat ɗaya ya kuma taɓa rayuwar mutum, galibi na rashin daɗi, wani lokaci na alheri. Ba a amfani da ita ga halin da ke ɗorewa, don haka "He is respected", ana girmama shi, ba ta karɓar "got".

Akwai kuma ginin sa wani ya yi abu. "Ladi got the tailor to sew the gown" na nufin Ladi ta sa tela ya ɗinka rigar, da alamar cewa lallashi ko roƙo aka yi, saɓanin "made the tailor sew", wadda ke nuna tilas kuma ba ta ɗaukar "to". Idan ba a damu da ambaton mai aikin ba, sai a ce "He got his motorcycle repaired", ya kai babur ɗinsa an gyara masa. Idan kuwa "to" da aikatau suka biyo bayan "get" kai tsaye, ma'anar ita ce samun dama, kamar a "She got to see the doctor", ta samu ta ga likita, ginin da ya yi daidai da na Hausa ƙwarai.

Ginin "have got" yana da nasa tarihin. Asalinsa kammalallen aiki ne, wato mutum ya riga ya samu, amma tun da wanda ya samu yana da abin a hannunsa, sai ma'anar ta zame daga samu zuwa mallaka, har "He has got two farms" ta koma nufin yana da gonaki biyu, ba tare da duban lokacin da ya same su ba. A nan Amurkawa suna cin moriyar siffofinsu biyu, domin "has got" a wurinsu mallaka ce, "has gotten" kuwa samu. Daga mallakar abu aka wuce zuwa mallakar nauyi, sai "have got to" ta zama alamar wajibci, kamar a "We have got to leave", dole mu tafi, wadda a saurin baki ake jinta kamar "gotta", siffar da ba ta da gurbi a wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa.

Sauran abin da ya rage shi ne haɗin "get" da ƙananan kalmomi irin su "up" da "on" da "over", inda haɗin ke haifar da ma'anar da ba kullum ake iya ganowa daga sassansa ba. Wasu a fili suke, domin ma'anar isa wuri ce ke aiki a cikinsu: "get up" tashi, "get out" fita, "get back" dawowa. Ana cewa "get on" da "get off" ga bas da jirgi da babur da doki, amma "get in" da "get out of" ga ƙaramar mota. Wasu kuwa sun yi nisa da asalinsu, irin su "get over", warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, da "get by", lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, da "get along with", zaman lafiya da wani, da "get away with", yin laifi a tsira ba hukunci. Bai kamata wannan ya karya gwiwar Bahaushe ba, tun da harshensa yana da aikatau "ci", wanda ake cin abinci da shi, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, a ci kasuwa, a ci gaba, kuma babu wanda ya koyi waɗannan ta hanyar ƙa'ida, kowanne a cikin jimlarsa aka tsince shi. Haka ya dace a koyi na Ingilishi, kowane haɗi da cikakkiyar jimla, maimakon dogon jerin da ake haddacewa yau a manta gobe.

Matsayinta a magana da rubutu

Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, harshen fada da kotu ya zama Faransanci na tsawon ƙarnoni, na coci da ilimi kuma Latin, sai Ingilishi ya cika da kalmomi irin su "receive" da "obtain" da "acquire" da "purchase" da "arrive", waɗanda kowaccensu ke ɗaukar yanki ɗaya na aikin "get", kuma suka zo da kwarjinin masu mulki da malamai. Daga nan ra'ayin ya samo asali cewa "get" kalmar kasuwa ce, har wasu malamai suke hana ɗalibai rubuta ta sam. A cikin wannan hani akwai gaskiya kaɗan, domin a rahoto ko takardar hukuma kalmar da ta keɓanta da ma'ana ɗaya ta fi fayyace manufa, kuma "The school received the books" ta fi dacewa da wasiƙar ofis. Amma mai da shi doka ta har abada yana jefa ɗalibai cikin kuskuren da ya fi wanda ake gudu, domin wanda aka tsoratar da shi daga "get" shi ne yake rubuta "He obtained malaria", alhali "obtain" ba ta hawa sai kan abin da aka nema da gangan, kuma babu wata kalmar da ta fi "get up" ko "get married" dacewa a wurarensu. Abin da ya kamata a koya wa baligi shi ne sanin wurin da kowace kalma ta dace, ba ƙyamar ɗaya daga cikinsu ba.

Ɗalibin da ya zauna a garuruwan da ake magana da Turancin Buroka, wato Pidgin na Nijeriya da Kamaru da Gana, yana da wani abin kiyayewa na daban. A wannan harshe, wanda ke da nahawunsa mai zaman kansa, "get" ita ce kalmar mallaka, ta yadda "I get money" ke nufin ina da kuɗi, "e get" kuma a Pidgin na Nijeriya ke nufin akwai. Wannan daidai ne a cikin Pidgin, amma idan aka ɗauko shi zuwa daidaitaccen Ingilishi ma'anar takan sauya, domin "She gets a shop" ba ta nufin tana da kanti, kuma "He gets money" tana nufin kuɗi suna shigo masa a kai a kai, kamar mai albashi. Mai son bayyana mallaka sai ya ce "She has a shop" ko "She has got a shop", mai son bayyana samuwar abu a wuri kuma ya ce "There is water in the well", akwai ruwa a rijiya.